Da Sauƙi, In Ji Su

Litinin, bayan an tashi

Na ba 'yan aji biyu labari mai shafi ɗaya, na ce kowa ya taƙaita shi a layi biyar. Labarin wata mata ce da akuyarta ta ɓata, ta zagaye unguwa tana nema, a ƙarshe ta same ta a bayan ɗakinta tana cin igiyar shanya.

Rediyo ya kawo min shafi biyu da rabi. Shi ne mai zama kusa da taga, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in atishawa ta kama shi. Na ce, "Kai Rediyo, ragewa na ce, ba ƙari ba." Ya ce, "Malam, ai mai labarin ne ya yi ha'inci. Ko launin akuyar bai faɗa ba, ni na taimaka masa."

Tsit, abokin zamansa a benci, kalma biyu ya rubuta: Ta samu. Na ce me ta samu? Ya ce akuya. Na ce to me ya hana ka rubuta? Ya dube ni kamar ni ne ɗalibin, ya ce, "Ai kai ma ka karanta, Malam."

Sauran kuwa abin da malaminsu na bara ya koya musu suka yi: ka ɗauki jimlar farko ta kowane sakin layi, ka jera. Sai ga tarin takardu duk magana ɗaya: matar ta tashi da safe, ƙofar maƙwabcinta shuɗiya ce, rana ta yi zafi. Babu akuya ko ɗaya. Na ce musu baiwar Allah ta yi asara sau biyu ke nan, ta farko a labari, ta biyu a hannunku. Suka yi ta dariya. Ba na ganin laifin malamin na bara. An jibga masa azuzuwa, ya nemi dabarar da za ta kai shi ƙarshen shekara da ransa.

Matar Yaya ta kira ina hanyar gida. Yaya yana asibiti tun Alhamis. Da sauƙi, in ji ta.

Tun Alhamis. Yau Litinin.

Talata, da safe kafin in fita

Mai waldan da ke ƙasan ɗakina ya fara tun ban gama shan shayi ba. Shekaru nake a ɗakin nan, har yau akwatina yana kan kujera kamar na baƙon kwana biyu.

Ban san mahaifinmu ba sai a hoto. Yaya ne ya tsaya. Da keken ɗinkinsa ya kai ni makaranta, kuma duk wandon da na sa shi ya ɗinka, kullum da tsawo, wai zan girma in cika shi. Ban taɓa cika ko ɗaya ba kafin ya yage. Tun ina ƙarami yake ce min Farfesa, don na taɓa gyara masa rubutun allon shagonsa a gaban mutane. Ya rama, kuma har yau ramawa yake yi.

In kana nesa, sai an gama komai ake tunawa da kai. A kai mutum asibiti, a kwana, a tashi, sannan wani ya ce, af, a faɗa wa na can.

Na kira. Yana barci, in ji ta.

Laraba, lokacin hutu

Na shiga ofishin Shugabar makaranta na nemi izinin tafiya gida. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tarin takardu, alamar za ta hana ni cikin mutunci.

Jarrabawar karatu tana ƙarshen wata, ita za ta nuna wa zai wuce aji uku. Doka ta hana malami hutu kafin a gama ta. Wanda ya tafi ba izini kuwa, ba a sabunta masa aiki. Ni baƙo ne a nan, in aikin ya tafi zamana ma ya tafi. Duk na sani. Ta sake faɗa min ne kawai, a hankali, kamar yadda nake wa yara.

Ta ce, "Malam, me aka ce maka game da jikin nasa?"

Na ce an ce da sauƙi.

Ta ce, "To alhamdulillahi. Ka daure a gama, ranar da aka ajiye biro da kaina zan sa maka hannu."

Na fito ina jin haushinta. Sai dai malamai biyu suka gudu mata bana, ita ke shiga ajin ɗayansu da kanta. Kuma ni na ce mata da sauƙi. Da bakina.

Alhamis, da yamma

Na samo wa taƙaitawa dabara. Na sa Tsit ya rataya jakarsa ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa a kan mariƙi. Na ce wannan mutum mota ce ke jiransa. Duk wanda na nuna zai ba shi labarin kafin ya fita, kuma in ya fita bai gane ba, ka faɗi.

Na nuna Rediyo. Ya gyara murya ya ce, "Wata rana da sassafe, gari ya yi luf, tsuntsaye suna..." Tsit ya buɗe ƙofa ya fice. Rediyo ya bi shi da gudu ya riƙo rigarsa. "Tsaya mana, ban kai wajen akuyar ba!"

Ajin ya rikice. Har malamin lissafi ya leƙo daga ajinsa ya ce, "Lafiya, ko an raba gado ne?"

Amma daga nan suka gane. Wata yarinya da suke kira Alƙaliya, don ba a gardama a ajin nan ba ta yanke hukunci ba, ta miƙe ta ce, "Mata ta nemi akuyarta ko'ina, ashe tana gida." Tsit ya tsaya, ya ɗaga kai sau ɗaya, ya fita. Daga wajensa wannan lambar yabo ce.

Na ce musu taƙaitawa ba yankan wutsiyar labari ba ce. Ka tambayi kanka, me mutumin nan ba zai iya tafiya ba sai da shi? Shi za ka ba shi.

Na kira. Likita yana wajensa.

Juma'a, da rana

Yanzu aka ba shi magani, ya samu barci.

Asabar, da hantsi

Wanki. Na shanya a igiyar matar mai walda, ta ce ba komai.

Auta ta kira, ƙanwarmu. Ta gaishe ni, na amsa, sai ta fashe da kuka. Na ce mene ne? Ta ce ba komai, mura take yi. Na ce kin je asibitin? Ta ce ta je. Na ce yaya kika gan shi? Ta ce, "Yaya ƙarami, ka dai yi ta addu'a." Sai ta shiga ba ni labarin ɗanta da ya ƙi makaranta.

Auta ko kaza aka yanka sai ta yi kuka. Tun tana yarinya haka take. Ba a auna komai da kukan Auta.

Haka na faɗa wa kaina, na koma wankina.

Lahadi, da la'asar

Babban ɗan Yaya ya kira, shi da ke kwana a asibitin. Yaron kirki, yana magana kamar mai karanta labarai. "Baffa, likitoci sun ce ana samun ci gaba. Jiya ma ya sha ruwan shayi." Na ce ba ni shi. Ya ce ya fito waje ne, can ciki ba a samun layi.

Na shirya darasin gobe. Na daɗe ina kallon bango.

Litinin, bayan an tashi

Mun shiga haɗa bayanai. Na ba su rubutu biyu a kan kogi ɗaya da ya yi ambaliya. Na farko na masunci, yana murna kifi ya yi yawa. Na biyu na manomi, gonarsa ta nutse. Na ce su fitar min da bayani ɗaya daga cikin biyun.

Kusan duka abu ɗaya suka yi. Suka taƙaita na masunci a sama, na manomi a ƙasa, suka sa "kuma" a tsakiya, suka miƙo min suna murmushi. Na ce wannan ai baƙi biyu kuka zaunar a benci ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ku sa su su yi magana. A ina suka yarda? A ina suka saɓa? Me ka sani yanzu da ba za ka sani ba in da ɗaya kawai ka ji?

Alƙaliya ta ɗaga hannu. "Malam, manomi ne mai gaskiya."

Na ce ba shari'a muke ba yau.

"To masuncin ba shi da tausayi."

Na ce ki zauna, ranki ya daɗe, kotu sai mako mai zuwa.

Rediyo ya rubuta cewa masuncin ya kai wa manomin kifi sun shirya, har ya aura masa 'yarsa. Na ce daga ina ka samo 'ya? Ya ce, "Malam, ai ka ce a sa su su yi magana." Na soke auren, amma na ba shi maki a layin da ya ce ruwa ɗaya ne ya ba wani ya ƙwace wa wani. Layin nan nasa ne, babu shi a rubutu ko ɗaya. Da na karanta wa aji ya sunkuyar da kai, karon farko da na ga yaron nan ya rasa abin cewa.

Ina son 'yan banzan yaran nan. Ban taɓa faɗa musu ba, kada su hau kaina.

Talata, da yamma

Yana barci.

Laraba, da yamma

Matar Yaya ce ta ɗauka. Ita ta ƙarasa rainona, ita ta riƙa ɓoye min abinci in Yaya ya yi fushi. Ta ce, "Mijina na biyu, ka ci abinci kuwa? Muryarka kamar ta wanda aka kora daga gidan haya." Ta yi dariya. Dariyar ta yi tsawo.

Na ce, "Anti, in taho?"

Ta ce, "Ka taho ka yi me? Kai likita ne? Ka zauna kan aikinka. Da sauƙi sosai."

Ranar Litinin waccan da sauƙi. Yau da sauƙi sosai. In ana ta samun sauƙi haka, ai ya kamata a ce ya koma kan kekensa.

Alhamis, lokacin hutu

Malamin lissafi ya turo min rabin burodinsa a ɗakin malamai, ya ce na rame. Na ce yaran aji biyu ne. Ya ce, "Ƙarya kake, su suka fi ka ramewa." Bai ƙara tambaya ba. Mutumin nan surutunsa ya yi yawa, yana bin ɗalibai da alli yana jifa, amma ya san inda ake tsayawa.

A hanyar gida na wuce ta gaban shagon wani tela. Na tsallaka titi don kada in ji ƙarar keken.

Asabar, da rana

Na zauna na rubuta wa yara abin da za mu yi darasin awo da shi, wato auna maganar wa za a yarda da ita. Katangar wani gida ta faɗi bayan ruwan sama, ta tare hanya. Na ƙirƙiro mutum uku su ba da labari: maƙwabciya da ta ji ƙara ta fito, maginin da ya gina katangar, da wani mai wucewa da ya ji a bakin mai shayi. Na ɓoye wa kowanne tarkonsa. Na ji daɗin aikin. Awanni suka wuce ban duba waya ba.

Da na duba ba wanda ya kira.

Litinin, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba. Bari in bi shi yadda ya faru.

Na rubuta tambayoyi a allo. Wa ya gani da idonsa? Wa ya ji a bakin wani? Me mai maganar zai samu in an yarda da shi, me zai rasa in ba a yarda ba?

Suka yi kyau, wallahi suka yi kyau. Nan take suka kama magini, shi da ya ce ruwan bana ne ba a taɓa ganin irinsa ba. Alƙaliya ta ce, "Dole ya ɗora wa ruwa, in ba haka ba wa zai sake ba shi gini?" Suka watsar da mai wucewa. Rediyo ya ce shi da mai shayin duk a kulle su. Suka tsaya a kan maƙwabciya, wasu suka ce ita ta gani, wasu suka ce ƙara ta ji, ta fito bayan an gama faɗuwa. Gardama ta yi zafi har na zauna a kan tebur ina kallonsu kamar ni na haife su.

Sai Tsit ya ɗaga hannu. Tun farkon shekara bai taɓa ɗaga hannu ba, har na zaci miƙa yake yi.

Ya ce, "Mai gidan fa?"

Na ce wane mai gida?

"Mai katangar. Kowa ya yi magana, ban da shi."

Alƙaliya ta ce, "Ƙila yana barci." Aka yi dariya.

Ni na rubuta labarin nan. Ni na zauna ranar Asabar na tsara mutum uku, ban lura na bar mai katangar ba. Na tsaya da alli a hannu. Ban san tsawon lokacin da na yi ba, sai na ji Rediyo yana cewa, "Malam? Malam, a rubuta?"

Na juya na ƙara tambaya ta huɗu a allo: Muryar wa ce ba ka ji ba? Suka kwafa.

Talata, da safe

Na kira ɗan Yaya kafin in fita. Ya fara, "Baffa, ana samun..." Na ce dakata. Kana ciki ko waje? Ya ce ciki. Na ce sa masa wayar a kunne. Ya ce yana barci. Na ce ko barci yake sa masa, numfashinsa nake so in ji. Ban taɓa ɗaga wa yaron nan murya ba sai yau.

Na ji ya ce, "Umma, Baffa ne, ya ce dole." Na ji an ja kujera.

Na yi sallama. Na ce Yaya, ni ne.

Ba barci yake ba. Ya amsa. Ya yi ƙoƙari ya amsa.

Abin da na ji ba zan rubuta a nan ba.

Talata, da rana

Na koyar. Ban tuna me na koyar ba.

Talata, da yamma

Matar Yaya ta kira da kanta. Babu "mijina na biyu" yau.

Na ce, "Anti, me na yi muku? Ni bare ne?"

Ta bar ni na gama. Na faɗi maganganu, wasu ban so na faɗa ba. Da na yi shiru ta ce, "Ka gama? To ka ji. Ranar da muka kawo shi, bakinsa yana fita sarai. A cikin mota ya sa ni na rantse, ni da yaron nan da Auta. Ya ce kada wanda ya taso ka daga aikinka. Ya ce ya san irin wahalar da ka sha kafin ka samu, ba zai zama shi ne sanadi ba. Ni kuma tunda na aure shi ban taɓa karya masa magana ba. Yau ma ban karya ba, kai ka fi ƙarfinmu."

Na ce to yanzu fa?

Ta ce, "Yanzu ban ce ka taho ba." Ta ja numfashi. "Ban kuma ce da sauƙi ba."

Duk fushin da na tara makonnin nan na rasa wanda zan sauke wa. Mai laifin yana kwance, kuma don ni ya yi.

Laraba, lokacin hutu

Na koma wajen Shugaba. Ban zauna ba, ta ce in zauna.

Na ce zan tafi jibi. Ba izini na zo nema ba, don na san ba ta da ikon bayarwa. Na zo ne kada ta ji a bakin wani.

Ta ce, "Ka san ba zan iya riƙe maka gurbin ba. Ba a hannuna yake ba."

Na ce na sani.

"Zan rubuta musu gaskiyar abin da ya faru. Ko su duba ko kada su duba, ban yi maka alkawari ba."

Na ce ban nemi alkawari ba.

Ta ce, "Yaran fa? Ka faɗa min tsakaninka da Allah, sun shirya?"

Na ce taƙaitawa sun iya, in ban da mutum uku ko huɗu da har yanzu suke komawa jimlar farko in sun tsorata. Haɗawa rabi da rabi. Awo kuwa jiya-jiya suka fara, amma sun fi yadda na zata. Da na samu sauran kwanakin nan da na ɗaga na ƙasan. Wasu za su faɗi da bai kamata su faɗi ba, kuma tafiyata ce za ta jawo. Ban rage mata komai ba.

Ta mayar da tabaranta ta ce, "Allah ya ba shi lafiya. Ka bar min abin da ka shirya a kan teburin nan, ni zan shiga."

Malamin lissafi ya tare ni a baranda, ashe ya ji komai ta taga. Ya ce zai karɓi Litinin da Laraba, Shugaba ta ji da sauran. Na ce kai da ba ka karanta komai sai lambobi? Ya ce, "Dabarar ƙofar nan taka ai ko ni na gane. Zan tsaya a ƙofar da kaina, in ga ɗan da zai ɓata min lokaci."

Alhamis, bayan an tashi

Na faɗa musu. Na ce yayana ba shi da lafiya, zan je gida, ban san ranar dawowa ba. Ban ce musu ƙila ba zan dawo ba. Ina ganin Alƙaliya ta gane, don ba ta ce komai ba, kuma ba halinta ba ne.

Wata 'yar ƙarama a layin gaba ta ce, "Malam, kai ma kana da yaya?" Kamar daga cikin kabad ɗin ofis aka ciro ni. Na ce ina da shi, har dukana yake yi. Suka ji daɗin wannan ƙwarai.

Na bi layi-layi na faɗa wa kowa abu ɗaya da zai kiyaye ranar jarrabawa. Ke ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki biro. Kai kada ka ji tsoron faɗin abin da kake gani. Alƙaliya, ki saurari ɓangare na biyu kafin ki ɗaure mutum. Tsit, mai duba takardarka bai san abin da ke cikin kanka ba, ka yi masa sadaka da jimla cikakkiya. Ya ce to. Rediyo, layi biyar.

Rediyo ya miƙe ya ce yana da jawabi a madadin aji. Na ce layi biyar. Ya ce, "Malam, yau kam ka yi haƙuri." Na bar shi. Ya yi ta zuba, ya gode min, ya gode wa Shugaba, ya gode wa akuyar nan, ya yi wa Yaya addu'a da sunan "babban Malam", ya ɓata hanya ya dawo, har aka kaɗa ƙararrawa bai sauka ba. Ba wanda ya tashi. Ni ma ban tsayar da shi ba.

Na goge allo da kaina, na rufe taga.

Juma'a, a tasha

Matar mai walda ta karɓi makulli, ta ce za ta riƙa buɗe ɗakin yana shan iska. Ban san ta san sunana ba sai yau.

Juma'a, da yamma, a hanya

Ban kira ba. Ina tsoron wanda zai ɗauka.

Asabar, da rana, a hanya

Mota ta lalace, an gyara. Na kusa da ni yana ta ba ni labarin ciwon bayansa. Na saurara, ya fi min tunani.

Lahadi, da la'asar

Na same shi.

Ɗaki ne mai gado shida, nasa na ƙarshe kusa da taga. Na wuce shi sau ɗaya ban gane shi ba, sai da Auta ta kamo hannuna. Ya zama ɗan ƙarami a cikin zanen gado. Ido dai nasa ne. Ya dube ni, ya dubi matarsa, irin kallon da ke nufin za mu haɗu. Ta ce, "Kada ka harare ni, Alhaji, shi ya kawo kansa."

Na durƙusa na gaishe shi. Bakin bai ba shi haɗin kai ba. Hannu ɗaya ne ke motsi, da shi ya kamo nawa, ya ja har fuskarsa, ya goga a haɓarsa. Gashi ya fito masa fari fat, ya yi kaca-kaca. Ban gane ba.

Matar Yaya ta ce, "Aski yake so. Ni tsoron reza nake, yaron nan kuma ya gwada sau ɗaya ya yanke shi, tun ranar ya hana kowa."

Ɗan Yaya ya sauka shagon bakin asibiti ya sayo reza da sabulu. Auta ta kawo ruwan ɗumi a kofi, tana kuka, ba wanda ya hana ta. Na naɗe hannun riga, na sa masa tawul a wuya. Ban taɓa yi wa kowa aski ba sai kaina. Na fara daga kunne ina sauka a hankali. Ban kai rabi ba ya buge min hannu, ya karkata min shi, wai ba haka ake riƙewa ba. Na gyara. Ya sake bugewa. Na ce, "Yaya, ko kai za ka yi?" Gefen bakinsa ɗaya ya motsa. Mutumin gadon kusa ya ce tunda aka kawo shi bai ga ya yi murmushi ba sai yau.

Na daɗe ina yi. Da na gama na goge masa fuska, matar Yaya ta ciro ƙaramin madubi daga jakarta ta riƙe masa. Ya duba dama, ya duba hagu. Ya sa yatsa a ƙarƙashin haɓa, inda na bar wani ɗan layi ban gani ba, ya girgiza kai.

Na ce masa ya yi haƙuri, gobe zan gyara.